Sadakin Umaima

Shekara ashirin da uku 'Yar'azumi tana banda a kasuwar kifi ta Haɗejiya, kuma ko maƙiyinta bai taɓa cewa ya buɗe kwalinta ya tarar da manyan tarwaɗa a sama, 'yan firit a ƙasa ba. Ba ta da shago, rumfa ce kawai da murhun banda biyu. Boko kuwa ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Amma fatake daga Jos da Kano, har da Inugu, sukan turo mata kuɗi tun kifin yana iyo a fadamar Guri, su je su ci gaba da harkokinsu, don sun san kaya zai iso. Sunanta ne jarinta, ba ta da wani.

To, wannan sunan aka sace. Ba a fasa mata ɗaki ba, ba a yanke mata lalita ba. Tana zaune aka ɗauke shi.

Ranar da abin ya fashe tana juya karfasa a kan raga, sai ga Alhaji Auta, babban mai sayen kayanta na Jos, ya taho da kansa, ko sallama babu.

"'Yar'azumi, ina kayana?"

"Wane kaya, Alhaji? Ai bana ba ka aiko ba tukuna."

"Ban aiko ba? Kwali ashirin na biya, yau sati uku!"

Ya zaro waya ya shiga karanta wa duk mai kunne. Saƙo ne daga wata baƙuwar lamba, wai ita ce, wai wayarta ta faɗa kogi, tsohon asusunta kuma ya samu matsala, a tura kuɗi a sabo. Shi ba yaro ba ne, sai da ya duba sunan da ke kan asusun kafin ya tura. Halimatus Sa'adiya Ari. Sunanta na yanka, wanda ke kan katinta, wanda duk fatake suka saba gani.

"Wannan sunan wa ne?" in ji Alhaji Auta, yana nuna ta da wayar. "Na uwata ne?"

Kasuwa ta yi tsit, har masu fere kifi suka ajiye wuƙa. Kafin sati ya zagayo, mutum biyar suka zo da irin wannan magana. Shugaban ƙungiyar masu kifi ya kira ta ya ce ta ɗan huta a gida har a gano gaskiya. Hutu! Kowa ya san abin da ake nufi. Matan da suka koyi banda a hannunta suka riƙa kawar da kai in ta wuce, wata ma har ta ja jakarta ta matse a hammata. Wannan matse jakar ya fi komai ƙona mata rai.

Ta hau mota ta tafi Guri wajen yayanta Malam Adam, ko za ta ji sanyi. Ya saurare ta yana jan carbi, da ta gama ya ce, "Ki sayar da abin da kike da shi ki sallami mutane. Ga bikin 'yarmu Umaima ya matso, kada ki jawo mana abin faɗa."

"Yaya, kai ma ka yarda na ci?"

"Ni ban ce ba. Amma suna ai naki ne."

Ta tashi ta yafa mayafinta, ko ruwan gidan ba ta sha ba.

Washegari ta nufi ofishin masu asusun waya, inda aka ce a nan aka buɗe wancan asusu. Wata yarinya mai tabarau ta karɓi katinta na ɗan ƙasa, ta daddanna kwamfuta, ta juyo da ita. Sai ga fuskar 'Yar'azumi, da ɗankwalinta mai ruwan goro, ido ya faɗa, a bayanta allon aji.

"Mama, ba a buɗe irin wannan asusun sai da lambar katinki da fuskarki a raye," in ji yarinyar. "Ki tuna da kyau. Akwai wanda ya taɓa sa ki kalli waya, ya ce ki ƙifta ido, ki juya kai dama da hagu?"

Ba ta buƙaci tunani ba. Allon nan ta san shi. Ajin firamare ne inda suka yi kwana arba'in lokacin ambaliyar da ta gabata, sa'ad da kogi ya ɓalle ya cinye musu unguwa. A nan wani saurayi ya zo da riga mai ƙyalli da babbar waya, ya ce rajistar tallafi yake yi. Mata suka yi layi, kowacce da katinta a hannu, suna ƙifta masa ido ɗaya bayan ɗaya, suna sa masa albarka. Ita ce ma ta tsawata wa masu turereniya, ta ce a bar yaro ya yi aikinsa. Tallafin bai taɓa zuwa ba, aka ce ai halin gwamnati ne.

Abdulmuhaimin! Mai shagon caji da cirar kuɗi a bakin kasuwar kifi. Wajensa take barin wayarta a caji tun safe har azahar. Shi take miƙa wa ya rubuta wa fatake saƙo, tana faɗa yana dannawa, in ya gama ta ba shi tarwaɗa biyu tukuici. Lambar kowane mai sayen kayanta ta bi ta hannunsa. Kuma shi ne, shi ɗin dai, wanda aka sa wa rana da Umaima, 'yar ƙaninsu marigayi, marainiyar da Malam Adam ya riƙe.

Yarinyar ta ce, "Ki kawo takarda daga wajen 'yan sanda, a ranar za mu rufe shi. Kuma daga yau kada ki ƙara ba kowa katinki ko fuskarki, ko da ya ce daga sama aka aiko shi."

'Yar'azumi ta samo takardar a ranar. Amma ba ta mayar da ita ofishin ba. Ta ninke ta huɗu ta cusa a ƙasan adaka.

Ga abin da ta auna. In aka rufe asusun, zai ji a jikinsa, ya cire layin ya wurga a kogi, shi ke nan. In ta kai ƙararsa, ina shaida? Sai a ce tsohuwar da ake zargi da cin kuɗin mutane ta laƙa wa yaron kirki, mai sallah a sahun gaba. Kafin la'asar ya dawo shagonsa, ita kuwa a ƙara mata da sharri a kan sata. A'a. A gaban kasuwa aka tozarta ta, ba a ɗaki ba. Ba ta son a rufe asusu kawai, ba ta ma son kuɗin. So take a tara kunnuwa, aƙalla yawan waɗanda suka ji Alhaji Auta yana tambaya ko sunan uwarsa ne.

Sai ta yi shiru. Wallahi shirun nan ya fi ɗaukar dakon itace wuya.

Ana saura wata ɗaya biki, Abdulmuhaimin ya zo gaishe ta, kamar yadda ango kan zaga dangin amarya. Ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa, ya ajiye mata turmin atamfa da sabulu.

"Gwaggo, na ji abin da ya faru a kasuwa. Wallahi har abinci na kasa ci. Mutanen yanzu ba tsoron Allah."

"Babu kam, ɗan nan," in ji ta.

"Da kin kawo min wayar na duba miki. Irin waɗannan abubuwan sai mu da muka san kansu."

Ta dubi atamfar. Ta san da kuɗin wa aka saya. Hannunta yana kusa da muciya, kuma Allah ya sani ta raya abin a ranta. Amma ta yi murmushi, ta ce Allah ya yi albarka, Allah ya nuna mana ranar. Addu'ar ƙarshen nan har zuciyarta ta yi ta.

Lokacin kuwa ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi. Tsoho an ce a mayar, sabo ba a gan shi ba. Masunta suna ba da kifi a karɓi gero. Mutum ya yi layi tun hantsi a bakin banki ya koma gida da hannu biyu. Taransifa ta manyan bankuna kuwa sai ta kwana uku a hanya, in ma ta tafi ke nan. Ƙananan asusun waya, irin wanda aka buɗe da sunanta, su ne kaɗai ke tafiya nan take. 'Yar'azumi ba ta iya karatu ba, amma wannan duk mai sayar da ko da daddawa ya haddace shi. A nan ta ga ƙofa.

Ta fito da injin ban ruwan mijinta marigayi, wanda take bayarwa haya ga masu noman rani, abin da ya rage mata ke nan mai daraja. Ta sayar. Ta ɗauki kuɗin ta kai wa Malam Shu'ibu, tsohon hedimasta a Guri, aminin mijin nata, mutum ɗaya tak da ya ce mata tun farko bai yarda ta ci ba. Ta zayyana masa komai.

Ya daɗe yana goge tabarau. "'Yar'azumi, in bai taka tarkon ba fa? Kin yi asarar inji a banza."

"In bai taka ba na yi asarar inji. Suna ai na riga na rasa."

"Yarinyar fa?"

"Yarinyar nake ceto," ta ce da sauri, ba ta bari ya ƙara tambaya ba.

Ana saura kwana uku, Malam Shu'ibu ya sa wani surukinsa a Kano ya rubuta wa baƙuwar lambar nan cewa shi sabon mai saye ne, an yaba masa kayan 'Yar'azumi, yana son kwali goma. Ko minti biyar ba a yi ba amsa ta dawo, da gaisuwa, da lambar asusu, har da Allah ya bar zumunci. Aka tura kuɗin inji. Asusun ya ƙoshi.

Saura Malam Adam. Shi kuwa ta san lagonsa tun suna yara, ba ya son a raina masa wayo a kan kuɗi.

"Yaya, ka ji abin da samarin yanzu suke yi? A zo ɗaurin aure a ce babu tsabar kuɗi a gari, za a kawo sadaki daga baya. Daga baya sai ranar tashin ƙiyama. Marainiya ce, kada a ce an ba da ita bashi."

"Ni za a yi wa haka?" Ya gyara zama. "Lakadan, a gaban shaidu. In babu a hannu ya turo ta waya, ina ji ina gani."

Ta kuma aika wa Alhaji Auta da shugaban ƙungiya goron gayyata, da saƙon cewa duk wanda yake son sanin inda kuɗinsa ya kwana ya zo Guri ranar Asabar.

Asabar da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Malam Adam. Jama'a ta cika har bakin kwalbati, 'yan Haɗejiya mota biyu, 'yan Birniwa dangin uwar amarya mota guda. Mata suna can ciki ana ta guɗa da girki. 'Yar'azumi ta sulale ta bar su, ta zauna a soro bayan ƙyaure, inda take jin komai ta lasifika, tana kuma hango tabarmar liman ta tsagar ƙofa. In yaron nan ya samo tsabar kuɗi, ta tashi a tutar babu.

Wakilin ango ya nemi aure sau uku, Malam Adam ya ce ya bayar. Liman ya tambayi sadaki. Wakili ya yi gyaran murya, ya ce kowa dai ya san halin da ake ciki, an yi ta neman tsaba ba a samu ba, amma in Allah ya kai mu Litinin...

"Babu Litinin," in ji Malam Adam. "A kira angon ya turo yanzu."

Aka kira Abdulmuhaimin daga cikin abokansa. Ya taho cikin farar shadda tana ɗaukar ido, ya durƙusa, ya zaro babbar wayarsa. Ya danna, ya jira. Ba ta tafi ba. Ya sake. Ya ɗaga wayar sama kamar mai neman tsuntsu. Sau uku bankinsa yana mayar masa. Rana ta fara cizo, mutane suka fara ƙus-ƙus, liman ya dubi agogo ya ce akwai wani ɗaurin auren yana jiransa a unguwar gabas. Wani daga baya ya ce, "Kai, mai cirar kuɗi guda ya rasa kuɗin aure?" Aka kwashe da dariya.

Dariyar nan ce ta kashe shi. 'Yar'azumi tana kallo ya saci kallon wayar Malam Adam, 'yar ƙarama mai madannai, ɗaure da roba. Ya san tsohon Larabci da ajami kaɗai yake karantawa. Zai ji ƙara, ya ga lambobi, ya mayar aljihu. Sai ya sa hannu can cikin aljihun 'yar ciki ya zaro wata wayar ta biyu.

Ta dafe ƙyaure da hannu biyu.

Wayar Malam Adam ta yi ƙara. Abokan ango suka yi kabbara. Amma abin da ɗan birnin nan ya manta shi ne, a garin nan waliyyi ba ya sa sadaki a aljihu sai ya bi ta hannun shaidu sun ƙirga. Haka aka gada. Da tsaba ce da an miƙa tsaba. Tunda waya ce, Malam Adam ya miƙa wayar ga na damansa, ba tare da wani tunani ba. Na damansa kuwa Malam Shu'ibu ne.

Ya sa tabarau a tsanake. Ya yafito sanƙira ya kawo masa makirfo. Ya karanta adadin, aka ce madalla. Sannan ya ce, "Kuɗin sun fito ne daga asusun Halimatus Sa'adiya Ari."

Malam Adam ya ɗago kai. "Wa ka ce?"

"Halimatus Sa'adiya Ari."

"Wannan ai ƙanwata ce!"

Abdulmuhaimin ya fara in'ina, wai wata kwastoma ce ta bar masa ajiya, wai suna ne ya zo ɗaya. 'Yar'azumi ta ture ƙyaure ta fito. Mace a tsakiyar maza ranar ɗaurin aure, abin da ba a yi. Oho dai. Ba ta karɓi makirfo ba, muryar kasuwa gare ta.

"Yaya, tambaye shi yaushe na zama uwarsa da zan biya masa sadaki! Alhaji Auta, kana ina? Lambar da ta ce maka wayata ta faɗa kogi tana nan a wayarka? To kira ta!"

Alhaji Auta ya miƙe tsaye ya danna. Aka yi tsit, har ana jin kukan akuya a bayan gida. Sai wayar da ke hannun ango ta ɗauki ruri. Ya yi ƙoƙarin kashe ta, ta suɓuce ta faɗi a kan tabarmar liman tana ta kuka.

Abin da ya biyo baya, da ba don liman ya baza babbar rigarsa a kan yaron ba, da sai dai a kwashe shi a buhu. Hularsa ta yi gabas, takalmi ya yi yamma. 'Yan sintiri suka janye shi da ƙyar suka sa a bayan a-kori-kura sai ofishin 'yan sanda. Tun kafin motar ta tashi Malam Shu'ibu ya leƙa cikin wayar, ya ce ba ita kaɗai ba ce, ga hotunan katin mata nan birjik, duk da allon aji a bayansu.

Alhaji Auta, da girmansa da tumbinsa, ya zo ya tsuguna a gabanta a cikin ƙasa. "Hajiya, na ci mutuncinki a gaban jama'a. Ki yafe min."

"Ba a nan ka ci ba, Alhaji. A kasuwa ka ci. Can za ka je ka faɗa, da irin muryar da ka yi ranar."

"Zan je."

Shugaban ƙungiya ya ce rumfarta tana nan ba wanda ya taɓa. Malam Adam kuwa ya kasa haɗa ido da ita, sai jan carbi yake ba ya ƙirgawa. Kada a yi ƙarya, daɗi ta ji. Daɗin da ba ta taɓa jin irinsa ba, har cikin ƙashinta. Da za a mayar da ranar baya, da ta sake yi, ta ƙara da gayyato masu fere kifi.

Da wannan daɗin ta shiga cikin gida. Guɗa ta mutu, tukwanen shinkafa suna kan wuta ba mai kula su, mata sun yi cirko-cirko suna buɗa mata hanya. Ta ɗaga labulen ɗakin amarya. Ƙawaye suka fice ɗaya bayan ɗaya. Umaima tana zaune a bakin gado cikin leshinta, ba kuka take ba, hannayenta biyu a kan cinya, lalle ya kama su ja wur har wuyan hannu.

"Gwaggo, tun yaushe kika sani?"

'Yar'azumi ta so ta ce jiya. Bakinta bai saba da ƙarya ba. "Wata biyu."

"Wata biyu." Yarinyar ta jinjina kai. "Kina nan aka kawo lefe. Kina nan aka yi min jere. Shekaranjiya ke kika riƙe min hannu ana ƙunsa min wannan."

"Na raba ki da ɓarawo, Umaima. Da yanzu kina matarsa."

"Da kin raba ni da shi a ɗaki. Da kin kira ni kin ce, Umaima, ga abin da ake ciki."

"Da kin gaya masa."

"Da ban gaya masa ba, Gwaggo." Ta ɗago ta dube ta sosai. "Ba ki tambaye ni ba. Taro kike so, sai kika ga nawa."



Umaima ta tashi ta raɓa ta gefen 'Yar'azumi ta fita. Ta wuce mata, ta wuce tukwane, ta je bakin rijiya ta tsuguna da leshin nata a cikin caɓi. Ta ɗebi yashi da sabulun wanki ta shiga dirzar hannunta, tana dirza tana ɗaurayewa tana dubawa. 'Yar'azumi tana tsaye a ƙofar ɗaki tana kallo. Ta san ba zai fita ba. Lallen mai kyau ne, ita da kanta ta zaɓo shi a kasuwa, zai yi wata guda a hannun yarinyar.